Ranar Lahadi na yi kilomita 28, ranar Alhamis biyar ta gagare ni

Telan Nima:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu gudun asuba. Na kawo muku wata damuwa da ta hana ni sukuni tun jiya, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su duba mini ita. Mako na tara ke nan ina atisayen gudun fanfalaki, cikakken nan mai kilomita 42 da mita 195, kuma saura mako bakwai a yi gasar da na ba da sunana.

Ranar Lahadin da ta wuce na fita bayan sallar Asuba daga unguwarmu Nima a nan Ankara (Accra, babban birnin Ghana), na bi ta Kawukudi na faɗa 37, wato wajen asibitin sojoji, na miƙe titin filin jirgi har Tetteh Quarshie, na wuce Legon, sai da na kusa Madina sannan na juyo. Kilomita 28 na yi cikin awa biyu da minti 39, kuma da na iso ƙofar gida akwai sauran ƙarfi a ƙafata, har na tsaya na taya maƙwabcina sauke buhunan gawayi. Na huta Litinin, na yi 'yar sassarfa Talata, jiya Alhamis kuma na fita da niyyar kilomita 10 kacal a hankali. Tun ban kai 37 ba na ji cinyoyina kamar an ɗaura musu bulo. A kilomita na biyar haki ya ci ƙarfina, na zauna a bakin kwata, gumi yana ɗiga daga haɓata kan takalmi, hannuna yana rawa har rabin ruwan ledar da na saya wajen wata yarinya ya zube a rigata. Daga ƙarshe motar haya, wato trotro, na hau na koma gida.

Ƙafa ɗaya ce, hanya ɗaya ce, takalmin ma shi ne. Wanne ne ainihin ƙarfina, na Lahadi ko na Alhamis? Sannan jibi tsarina ya ce in yi kilomita 30. In fita ko in fasa?

Baba Tsohon Soja:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba kullum ake kwana a gado ba. Na yi shekara 22 a aikin soja, kuma har yau da na haura sittin ba na fashin hawan dutsen Aburi ranar Asabar, daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Abin da zan gaya maka ba zai yi maka daɗi ba: kuskurenka shi ne hawan motar nan. Da ka sauke gudun ka koma tafiya, ka ƙarasa gomanka ko rana za ta kai tsaka. Dalilina shi ne, ranar gasa daga kilomita 30 zuwa sama wannan jikin naka na Alhamis za ka tarar yana jiranka a bakin hanya, kuma idan ka saba wa zuciyarka cewa akwai trotro, to ranar ma trotro za ta nema.

Abebe Bikila na Habasha soja ne cikin masu tsaron fadar sarki. Ya ci fanfalakin Olamfik na birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, sannan a 1964 aka yi masa tiyatar afendis kimanin mako shida kafin gasar Tokyo, ya tashi daga gadon asibiti ya sake cinyewa. Ka fita Lahadi ka yi talatin ɗinka.

Anti Nas ta Mamobi:

Baba, ina gaisuwa, kuma kowa a wannan zauren ya san kai ne ka koya wa yawancinmu fitar asuba. Amma a kan wannan ban bi ka ba. Bikilan da ka ambata, a gasar Meziko ta 1968 ciwon ƙafa ya sa ya fita daga tseren tun bai kai rabin tafiya ba, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. Jarumin ma da ya ji abin ya wuce na juriya, tsayawa ya yi.

Ƙanena Tela, a ƙasar nan idan mai lafiya ya wayi gari ƙarfinsa ya zube ba dalili, har hannu yana rawa, abin da nake fara zargi shi ne zazzaɓin cizon sauro. Afrilu muke ciki, ruwa ya fara sauka, kwatoci sun cika. Sau da yawa ciwon yakan fara da kasala da ciwon gaɓoɓi da ɗacin baki kwana ɗaya ko biyu kafin jiki ya yi zafi, kuma mai gudu yakan ji shi a ƙafa kafin ya ji shi a kai. Ka je kemis ko asibiti yau a tsaga maka yatsa a gwada, cikin minti 20 za ka ji sakamako. Kada ka sha magani kafin gwaji.

Bayan haka ina son ka amsa mini tsakani da Allah: awa nawa ka yi barci daren Talata da daren Laraba, me ka ci ranar Laraba, kuma yaya launin fitsarinka yake da asubar Alhamis? Ka kuma gaya mini ko ka taɓa yin gwajin sikila, domin mai AS yana iya gudu sarai, amma matsanancin gudu cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki ya fi yi masa haɗari fiye da sauran mutane.

Telan Nima:

Anti, tambayoyinki sun sa na ji kunya, domin sai yanzu na tsaya na lissafa. Ina da ɗinkin biki a hannu, kayan ƙawayen amarya mutum goma sha ɗaya, saboda haka daren Talata ina kan keke har ƙarfe ɗayan dare. Daren Laraba kuma aka ɗauke wuta wajen ƙarfe goma, fanka ta tsaya, ɗaki ya zama kamar tanda, na ɗauki tabarma na koma tsakar gida inda sauro ya hana ni sakat. Ban jin na yi barcin awa uku. Abinci kuwa, koko da ƙosai na sha da safe, sai shayi da burodi da dare, a tsakani ban tashi daga kan keken ba sai don salla. Fitsarin ya yi duhu kamar ruwan shayi. Ni AA ne, an gwada mu kafin aure.

Asabar ɗin da ta gabaci ranar daɗin kuwa na ci wake da shinkafa da rana, na ci tuwon zafi da dare, ƙarfe tara na kwanta, kuma an kwana ana ruwa har gari ya yi sanyi.

Malamin Aboabo, Kumasi:

To, ai ka amsa rabin tambayarka da bakinka, Malam Tela. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma taka Alhamis ɗin tun daren Talata ta lalace. Bari in yi maka lissafin yadda nake yi wa ɗalibaina.

Jiki yana ajiye sukari a cikin tsoka da hanta, wanda masana suke kira gilaikojin, kuma ajiyar ba ta wuce kimanin rabin kilo ba, wato wajen kalori 2,000. Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowane kilomita. Idan nauyinka kilo 70 ne, kilomita 28 sun ci maka kalori 1,960. Ba duka daga ajiyar sukarin aka ɗiba ba, kitse ma ya ba da nasa, amma rumbun ya yi ƙasa ƙwarai. Yakan cika cikin kwana ɗaya ko biyu idan ana cin shinkafa da doya da dokunu da tuwo yadda ya kamata, kai kuwa ka yi ta ɗiba kana mayar da shayi da burodi. Wannan ƙarewar ajiya ita ce abin da ke kama masu fanfalaki tsakanin kilomita 30 da 35, har ka ga ƙato ya tsaya cik yana kallon ƙafarsa. Kai ka gamu da ɗanɗanonta tun a kilomita biyar.

Abu na biyu, wanda ku mutanen Ankara kuka fi mu shan wahalarsa, shi ne danshin iskar bakin teku. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. Idan iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin zuba kawai yake yi, sai zuciya ta ƙara bugu don ta tura jini zuwa fata, tsokar ƙafa kuma ta samu ƙasa da rabonta. Ni da nake gudu a harabar jami'ar KNUST, duk lokacin da na zo Ankara na gwada irin gudun da na saba, sai in ga ina asarar wajen daƙiƙa 20 a kowane kilomita. Kada wani ya ɗauka wannan ragwanci ne. A gasar duniya ta Doha a 2019 sai tsakar dare aka tashi fanfalakin mata saboda zafi, duk da haka cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su ƙarasa ba. Ruth Chepngetich ta Kenya da ta zo ta ɗaya ta yi awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43, alhali a watan Janairun shekarar ta yi awa 2 da minti 17 a Dubai. Lahadinka ruwan dare ya wanke maka gari, Alhamis kuwa ka fita cikin zafin da ya kwana bai huce ba.

Ka riƙa hawa sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, ledar ruwa biyu ke nan.

Maman 'Yan Biyu, Madina:

Malam, lissafinka daidai ne, kuma na ƙaru da shi. Sai dai ina tsoron kada ƙanenmu ya tashi da tunanin cewa duk ranar da ta ɓaci akwai laifin da ya yi, domin wannan tunanin ya taɓa cutar da ni.

Shekara shida ke nan ina gudu. Mafi daɗin kilomita 21 da na taɓa yi, na yi su ne washegarin daren da Hassana ta kwana tana amai, ban runtsa ba sai wajen awa biyu. Na fita ne kawai don in sha iska, sai na ji ƙafata tana tashi da kanta, na zagaye Legon har ban so tsayawa ba. Akwai kuma ranar da na yi komai bisa ƙa'ida, na ci, na sha, na yi barcin awa takwas, gari da sanyin Agusta, amma a kilomita bakwai na tsaya na jingina da bishiya ina hawaye, domin jikin ya ƙi kuma ban san abin da zan zarga ba. Na duba littafin da nake rubuta guduna gaba da baya ban ga komai ba har yau.

Mu dubi waɗanda gudun ne sana'arsu. Haile Gebrselassie ya fita daga fanfalakin Landan a Afrilun 2007 saboda numfashi ya ƙi masa, a Satumbar shekarar kuma ya kafa tarihin duniya a Berlin da awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 26. Eliud Kipchoge ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Berlin a Satumbar 2022, bayan wata bakwai ya zo na shida a Boston, a Olamfik na Paris na 2024 kuma bai ƙarasa ba. A lokacin mutumin nan yana zaune a sansanin atisaye na Kaptagat a ƙasarsu Kenya, yana da mai horarwa da masu duba lafiyarsa, ba ya ɗinkin dare, ba ya kwana a tsakar gida. Idan irinsa yana gamuwa da ranar da ta ƙi, to akwai wani kaso na lamarin da ba ya shiga lissafi.

Ga 'yan uwana mata da ke karantawa ba sa magana, ku riƙa rubuta kwanakin al'ada kusa da kwanakin gudu, za ku ga wasu ranakun nauyin daga nan suke. Idan kasalar ta ɗauki makonni, a gwada yawan jini. Ni an taɓa samun nawa ya yi ƙasa, kuma sai da aka gyara shi gudun ya dawo.

Abin da na fi ji maka tsoro, ƙanena, shi ne ramuwa. Bayan waccan ranar ta jingina da bishiya na fita washegari da fushi don in nuna wa kaina cewa ban lalace ba, na yi gudu mai tsanani a kan gajiya, agarata ta dama ta kumbura, na yi wata biyu ina ɗingishi zuwa kasuwa. Mummunar rana ɗaya ba ta rage mini komai ba, ramuwar ce ta cinye mini gasar shekarar.

Ɗan Fadama:

Ina neman afuwa in sako tambaya a nan, domin ta shafi maganar. Wasu abokan gudunmu idan suka tashi jiki ba daɗi sukan haɗiyi maganin ciwon jiki kafin su fita, su ce yana buɗe ƙafa. Anti Nas, hakan yana da illa?

Anti Nas ta Mamobi:

Yana da illa ƙwarai, ƙanena, kuma ka gaya musu in ji ni. Irin su ibuprofen da diclofenac suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, gudu cikin zafi ma yana rage shi, idan suka haɗu da ƙarancin ruwa ƙodar ce take shan wahala. Sannan suna rufe bakin ciwon da ya zo yi maka gargaɗi, ka yi ta taka ƙafar da ya kamata ka hutar.

Baba Tsohon Soja:

'Yata Nas, na karɓi maganar zazzaɓi. Ko a bariki ba a sa mai zazzaɓi fareti, kuma da na san yaron nan barcin awa uku ya yi da cikin shayi, da ban yi masa faɗan mota ba. Amma ban janye duka ba, kuma ina son matasa su ji wannan da kyau. Ranar da ta ƙi iri biyu ce. Akwai wadda jiki ne ya ƙi, akwai wadda zuciya ce ta ƙi ta laƙa wa jiki. Sau nawa na tsaya a gindin dutsen nan ƙafata kamar ba tawa ba, ina cewa yau kam ba zan iya ba, amma kafin in kai kwana ta biyu jiki ya saki, na hau har sama ina waƙa? Da ina komawa gida duk ranar da na ji haka, da rabin Asabar ɗin rayuwata a gado na yi su. Yanzu da kuka ba su hujjar barci da danshi da sukari, ina tsoron kowa zai samu abin fakewa.

Anti Nas ta Mamobi:

Wannan gaskiya ce, Baba, kuma akwai hanyar rarrabe su. Ta farko ita ce bugun zuciya. Mutum ya ƙirga shi na minti ɗaya da zarar ya farka, tun bai tashi zaune ba, kullum har ya san nasa na yau da gobe. Ranar da ya ga ya haura da bugu takwas ko goma, jikin yana fama da wani abu, ko gajiya ko ciwon da bai fito ba, sai ya sassauta. Ta biyu ita ce wadda ka faɗa da kanka: ya ba jikin minti 15 zuwa 20 na sassarfa. Idan nauyi ne kawai na ko'ina kuma ya fara saki, ya ci gaba. Idan yana ƙaruwa, ko ciwon wuri ɗaya ne da ke tsananta da kowane taku, ya juya. Jiri kuwa, ko ciwon ƙirji, ko jin sanyi da tsigar jiki cikin rana, ko rikicewar tunani, waɗannan ba a shawara da su, a tsaya a nemi inuwa da taimako. Hannun Tela da yake rawa ya isa dalilin hawan mota.

Malamin Aboabo, Kumasi:

Game da talatin ɗin jibi, ga abin da nake gani. Saura mako bakwai, kuma dogon gudu na ƙarshe ana yin sa ne kimanin mako uku kafin gasa, daga nan a riƙa rage nisa don ƙafa ta huta. Idan ka ɗaga na wannan Lahadin, kana da sauran Lahadi huɗu da za ka sa dogon gudu biyu a cikinsu, ɗaya 30, ɗaya 32. Babu abin da ka rasa. Jibi ka yi 15 ko 16 a hankali, irin gudun da za ka iya hira a cikinsa.

Telan Nima:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga yadda aka yi. Na je gwaji ranar Juma'a da yamma, ba a samu zazzaɓin sauro ba. Na miƙa ɗinkin bikin, na rufe shago da wuri, na ci dokunu da kifi, na yi barci kamar an yi mini duka. Bugun zuciyata da asubar Asabar 66 ne, yau Lahadi 59. Ban san nawa na asali ba tukuna, saboda haka na ware shafukan baya na littafin da nake rubuta awon masu ɗinki, na ja layi biyar: barci, abinci, bugun zuciya, yanayin gari, da yadda ƙafa ta ji.

Yau na bi shawarar Malam, na je Legon na yi 16. Kilomita huɗun farko sun yi nauyi har tsoro ya kama ni cewa Alhamis ce ta dawo, na tuna maganar Baba na ce bari in ba shi minti ashirin ɗinsa. Wajen kilomita biyar numfashi ya daidaita, ƙafa ta saki. Bai kai daɗin wancan Lahadin ba, amma gudu ne na mai lafiya. Da na cika 16 zuciyata ta ce in ƙara huɗu, sai na tuna agarar Maman 'Yan Biyu, na tsaya na sayi kwakwa na sha ruwanta. Na hau sikelin maƙwabcinmu kafin da bayan, kilo ɗaya da rabi ya tafi duk da ledar ruwa biyu da na sha a hanya, abin da ban taɓa zato ba.

Baba Tsohon Soja:

Madalla, ɗana. Asabar mai zuwa ka same ni a Ayi Mensah ƙarfe shida da kwata. Tafiya za mu yi zuwa Peduase, ba gudu ba, tunda washegari kana da talatin a gabanka. Ka zo da littafin nan naka in gani, domin ni ma 'yata Nas ta sa na fara ƙirga nawa, yau na samu 62.